Bolt Miliyan Biyar na Abarshi

A layin masu gyare-gyare da ke bayan tashar mota a Birnin Gwari akwai wani shago wanda allonsa ya fi ƙofarsa faɗi. An rubuta a jiki da jan fenti: INJINIYA ABARSHI, LIKITAN REDIYO. Babu makarantar da ta ba Abarshi wannan suna. Shekara ɗaya da rabi ya yi a makarantar koyon sana'a, ya tattaro tabarmarsa ya dawo gida, ya ce malaman sun ƙare abin da suka sani. Ya sayi fenti gwangwani guda ya naɗa kansa. Tun daga ranar, in ka ce masa Abarshi zalla, kunnensa ba ya aiki. In ka ce Injiniya, ko daga bayan kasuwa ka kira zai amsa. Matarsa Sadiya ma, in tana son cefane ya iso da wuri, ta san sunan da take kira.

Ba za a ce bai iya komai ba, don Allah ya hana zalunci. Ya iya buɗe rediyo. Wajen rufewa ne noti biyu ko uku sukan rage a kan tebur, su kuma yakan ce almubazzarancin kamfani ne.

Daura da shi akwai shagon Isaiah, mutumin wajen Randagi, mai naɗin fanka da injin ban-ruwa. Isaiah ba shi da allo ko na kwali, amma kullum akwai mutum uku ko huɗu zaune a bencinsa suna jira. Wannan benci shi ne ciwon zuciyar Abarshi.

A shekarar da ake wannan magana, layin wutar lantarki ya faɗi can cikin daji, kuma kowa ya san dajin nan ba wurin da mutum ke marmarin shiga da tsani ba ne. Wata huɗu gari babu wuta. Masu janareto suka zama sarakai, wayoyin hannu suka riƙa mutuwa a aljihun masu su.

Wata rana bayan la'asar Abarshi ya sayi tsire, aka naɗe masa a wata takarda da aka yago daga littafin wani ɗalibi. Ya cinye naman, ya lashe yajin, har zai yar da takardar sai idonsa ya faɗa kan wani zane: waya an lanƙwasa ta murabba'i, kibiyoyi suna ratsa ta. Ya shimfiɗa ta a gwiwa ya fara haɗa Turancin da ya rage masa. Takardar ta ce in aka naɗa waya zagaye-zagaye aka tsayar da ita a iska, muryar da gidan rediyo ke watsowa, in ta ratsa ta, takan haifar da wuta a cikin wayar. Har lissafin ta bayar. A ɗauki shida da ɗigo biyu da takwas, a ninka da yawan zagayen, a ninka da girman filin da wayar ta kewaye, a ninka da ƙarfin muryar a wurin, sannan a raba da tsawon zangon tashar. Amsar tana fitowa ne a bolt, wato ma'aunin ƙarfin wuta.

A misalin da ke ƙasa an ce ƙarfin muryar biyar ne a kowace mita. Biyar ɗin me? Nan ne maiƙon tsire ya zauna, ya cakuɗe da yaji. Haruffa biyar kawai suka tsira daga kalmar: m, i, l, l, i.

Abarshi ya dube su, ya dubi sama. Duk Turancin da ya sani, kalma ɗaya ce ke farawa haka.

"Miliyan," ya ce a hankali.

Ya jawo kalkuleta. Tsawon zango bai ba shi wahala ba, don tun yana yaro yake jin tashar Kaduna tana cewa tana kan matsakaicin zango, wajen mita ɗari biyar. Ya ƙaddara firam ɗin da za a naɗa wayar a kai mita biyu tsaye, mita biyu kwance, fili ya zama huɗu. Ya sa zagaye ɗari, ya danna, ya ga ashirin da biyar. Bolt miliyan ashirin da biyar! Ya tuna akwai yara a gari, akwai rumfunan kara. Saboda tausayi ya rage zagayen zuwa ashirin, ya sake dannawa, ya ga biyar da 'yan kai. Ya ɗauki biro ya rubuta a gefen takardar da manyan baƙaƙe, MILIYAN BIYAR, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Washegari ya tarar da Mai Unguwa Mamuda a gindin dalbejiyar da ke tsakanin shagunan, Isaiah na gefe yana kankare wata fanka.

"Ranka ya daɗe, wahalar wuta ta ƙare," in ji Abarshi.

"An ɗaga layin?"

"A bar layi ya huta. Wutar tana nan a iska, a kan hularka take wucewa tun kana yaro. Ni zan tatso ta. Bolt miliyan biyar."

Mai Unguwa ya taɓa hularsa. Isaiah bai ɗago kai ba, ya ce, "Wutar gida ɗari biyu da ashirin ce. Ina za ka kai ragowar?"

"Kaduna in sun yi ladabi a sammusu."

"Mu ga lissafin."

"Ka ga lissafin? Don gobe a ji an ce Isaiah ya ƙirƙiro?"

"To in akwai wuta haka a iska, yaya tsuntsaye ke tashi lafiya?"

"Tsuntsu a naɗe yake? Sai an naɗa take kamuwa. Kai da ke naɗin fanka shekara ashirin, ashe naɗi kawai kake, ba ka taɓa tambayar dalili ba."

Mutane suka fara taruwa. Isaiah ya ajiye wuƙarsa. Ya ce shi ba ya son miliyan, ƙwan fitila guda ɗaya ya ishe shi. In ya kama ranar kasuwa mai zuwa, zai rufe shagonsa ya dawo yana share wa Abarshi ƙofa shekara guda. In bai kama ba fa?

Abarshi ya nuna allonsa da ɗan yatsa. "In bai kama ba, da hannuna zan shafe Injiniya daga allon nan, a gaban kasuwa. Kowa ya kira ni Abarshi har in mutu."

"Kun ji dai," in ji Mai Unguwa, ya dubi jama'a. Jama'a suka ce sun ji.

A ranar Abarshi ya hau tudun da ake samun sabis ɗin waya, ya kira shirin gaishe-gaishe na tashar Kaduna, ya ba da saƙo, ya roƙi a karanta shi ranar kasuwa da rana tsaka, sa'ad da fitila za ta riga ta kama. Sai da ya maimaita musu Injiniya sau uku don kada su manta.

Aikin yana buƙatar waya mita ɗari da sittin. Sayen ta a wajen Isaiah bai taso ba. Sadiya ta dawo daga barka ta tarar da fankar ɗakinta a tsakar gida, an farke mata ciki, maigida na zaune yana warware jan ƙarfen yana naɗewa a jikin turmi.

"Malam, fankar da Baba ya sa mini a kayan ɗaki ce fa."

"Wata huɗu ba ta juya ba. Me ta tsinana miki?"

"Ai wuta ce babu."

"Wutar zan kawo."

"In ka kawo wutar, me za ta juya?"

Tambayar ta zo wa Abarshi ta inda bai tsare ba. Sai ya ce matsalar mata ita ce gajeren hange. Sadiya ta ce haka ne, ta shiga ɗaki ta ɗauko mafici.

Saura gorar da za a yi firam. Ya ɗauki adda da ƙunshin waya don awo, ya sa takardarsa a aljihu, ya nufi bakin daji inda gora ke fitowa a gefen rafi. Bai sare ta uku ba ya ji an ce, "Kai! Ajiye addar." 'Yan sa-kai ne su huɗu, shugabansu wani dogo mai suna Bature. Suka lalube shi, suka fito da takardar.

Bature ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Wannan murabba'in gidan wa ne?"

"Ba gida ba ne, eriya ce."

"Kibiyoyin nan fa? Ta nan za a shiga?"

"Ta nan muryar ke shiga."

"Muryar wa?"

"Ta mutanen Kaduna."

'Yan sa-kai suka dubi juna. Ɗayansu ya leƙo ta kafaɗar Bature ya karanta abin da ke gefe da ƙarfi: "Miliyan biyar."

A wannan yanki, mutumin da aka kama a bakin daji da waya da taswira da miliyan biyar a rubuce, ba a tambayarsa ko ta mece ce. Suka sa shi gaba har ƙofar Mai Unguwa, yana tafe yana bayanin tsawon zango, babu mai saurare. Mai Unguwa Mamuda ya fito, ya ji ƙarar, ya dubi Abarshi daga hula har silifa.

"Ku sake shi," ya ce. "Na san shi tun yana rarrafe. Aikin da kuke zarginsa da shi yana buƙatar wayo."

Aka sake shi, har Bature ya taimaka masa da ɗaukar gorar don ban haƙuri. Abarshi ya yafe kamun tun a hanya. Shaidar da Mai Unguwa ya bayar ce ta yi ta cin ransa kwana biyu.

A tsakar gida ya haɗa firam ɗin, ya naɗa zagaye ashirin cif, yana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Abin ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Jajibirin kasuwa ya kira majiya ƙarfi biyu su fitar da shi, sai aka tarar ƙofar zaure ba ta kai mita biyu ba ko ta wace fuska. Aka gwada a tsaye, aka gwada a kwance, aka gwada a karkace. Abarshi ya ce wanda ya gina zauren bai san lissafi ba. Sadiya daga madafa ta tuna masa cewa shi ya tsaya a kan maginin da tef a hannu.

Aka yanke shawarar a ɗaga ta kan katanga. Katangar da ta fi gajarta ita ce ta gidan Inna Huraira, tsohuwar da ke sayar da daddawa. Aka ɗaga, aka tura, firam ya tafi da bulo biyu ya sauka a tsaye a garken awakinta. Awaki suka watse. Inna Huraira ta fito da muciya, ta faɗi abin da ta faɗa, wanda ba duka ne ya dace da takarda ba, ta kuma rantse ba mai shiga gidanta sai an mayar mata da bulonta. Kafin a kwaɓa ƙasa a gyara, magariba ta yi. Firam ya kwana a can.

Da safe Abarshi ya yi sallama ya shiga, ya ga abin da bai zata ba. Zannuwa uku da ɗankwali a shanye a kan wayar, suna ɗigar ruwa.

"Inna! Bolt miliyan biyar ne a jikin abin nan!"

"To ai ba su hana shanya ba."

"Allah ne ya kiyaye ki, don bai fuskanci Kaduna ba. Da ya fuskanta, da yanzu toka muke sharewa."

"Ka jira ɗankwalin ya sha iska," in ji ta. Haka ya tsaya ya jira, sannan aka fitar da firam ɗin ta ƙofar garken awaki aka kai shi layin masu gyara.

Kafin azahar layin masu gyara ya cika ya batse. Labari ya kai ƙauyuka, mutanen Saminaka da na Randagi da suka zo cin kasuwa suka bar buhunansu suka taho. Wani ya zo da wayoyin hannu na gidansu goma sha ɗaya a cikin kwano don caji. Wata ta aiko da dutsen guga. Abarshi ya kewaye wurin da igiya, ya sa takalmin ruwa har gwiwa da safar hannu ta roba, ya hana mai ɗauke da ƙarfe matsowa. Mai Unguwa ya zauna a kujera, Isaiah ya tsaya a bakin shagonsa. A gefen ƙafar Isaiah akwai gwangwanin farin fenti da buroshi, kowa kuma ya gani.

Sai aka zo kan inda Kaduna take. Direbobin tasha suka nuna titi. Wani malami ya ce titi yana lanƙwasa, a bi alƙibla a ɗan karkata dama. Wani ɗan acaɓa ya ce shi kullum in ya tuna Kaduna ta bayan gidan mai yake jin ta. Da aka daidaita, Abarshi ya juya firam ɗin ya ba Kaduna fuska sosai, faɗinsa duka, don a cewarsa ba a sauraren babba ta gefen ido.

Ya ɗaure ƙwan fitila a kan sanda mai tsawo. Ya ce mata masu ciki su juya baya. Ya yi bisimilla, ya kau da kai, ya haɗa bakin wayoyin biyu da ƙwan.

Mutane suka ja baya. Wata kaza ta ratsa ta ƙarƙashin igiya, ta bi ta tsakiyar firam ɗin, ta fita ta ɗaya gefen tana tsince-tsince.

"Ya kama?" in ji Abarshi, har yanzu idonsa a rufe.

"Buɗe ka gani," in ji Mai Unguwa.

Ya buɗe. Ya girgiza ƙwan kusa da kunne, ya ce ya ƙone, wutar ta yi masa yawa. Isaiah ya karɓa, ya haɗa shi da batirin mota a shagonsa, ƙwai ya kama fes, ya dawo da shi ya miƙa masa.

"Rana ce," in ji Abarshi. "Yana ci, haske ne ya danne shi."

Aka kifa masa bokiti, Bature ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa. "Duhu," ya ce.

Gumi ya fara taruwa a takalmin ruwa. Abarshi ya ɗaga kai ya saurara, sai ya ji rediyon mai shayi tana waƙa, ta mai faci tana labarai. Fuskarsa ta washe.

"Ga ɓarayin nan! Rediyoyinku ne ke shanye wutar kafin ta iso. A kashe duka!"

Mai Unguwa ya ɗaga hannu, aka bi layi ana kashewa, har ta wani makaho da ke bakin tasha sai da aka lallashe shi. Kasuwar Birnin Gwari ba ta taɓa yin tsit irin na wannan rana ba. Aka sake haɗawa. Ƙwai ya ci gaba da zama ƙwai.

Aka sauko zuwa ƙwan tocila. Shi ma bai ce komai ba. Mai kwanon wayoyi ya tambaya ko a gwada da ƙaramar tasu, Abarshi ya ce kada ta fashe, mutumin ya ce ya yafe. Aka gwada, ba ta fashe ba, ba ta kuma farka ba.

Nan ne Inna Huraira ta ajiye tiren daddawarta, ta ɗaga igiya ta shigo.

"Inna, ki tsaya! Kina da jikoki!"

Ba ta ko dube shi ba. Ta kama bakin wayoyin biyu, ta goge su a zaninta, ta ɗora a harshe yadda ake ɗanɗana batir. Wata mata ta yi salati. Inna Huraira ta ɗan tsotsa kamar mai ɗanɗanon miya, ta tofar.

"Ko gishiri babu," ta ce.

Dariyar da aka riƙe tun safe ta ɓalle gaba ɗaya. Da ta lafa, Mai Unguwa ya miƙa hannu. "Kawo takardar nan."

"Ranka ya daɗe, sirrin..."

"Sirrin da tsohuwa ta lasa? Kawo."

Ya karɓa ya ba Isaiah. Isaiah ya bi lissafin da yatsa, leɓensa na motsi. Da ya zo kan maiƙon sai ya ɗaga takardar sama ya saita ta da rana. Kowa ya san takarda in ta sha mai, haske na ratsa ta. Haruffan da suka ɓuya suka fito sarai, kuma ba su ne waɗanda Abarshi ya yi kwana shida yana gani ba.

"Lissafinka daidai ne," in ji Isaiah. "Biyar ne, babu kuskure."

"Kun ji ko!" in ji Abarshi, ya juya ga jama'a.

"Amma ba miliyan ba ne. Milibolt ne. Mili."

"To ai gajarta shi aka yi."

"Inna," in ji Isaiah, "ƙwayar ciwon gwiwar da kike sha, me aka rubuta a kwalinta?"

"Jikata ta ce miligiram ɗari biyar."

"Da miliyan ne, a bayan tirela za a kawo miki ƙwaya ɗaya. Mili shi ne a raba abu guda gida dubu, a ɗauki gida ɗaya. Batirin tocila ɗaya yana da irin wannan dubu da ɗari biyar. Kai kana da biyar. Sai ka haɗa firam ɗari uku kafin ka kamo batir guda."

Mai kwanon wayoyi ya tambaya ko fankoki nawa ke nan. Wani ya ce a tambayi Sadiya.

"Kuma ko biyar ɗin ba ka samu ba," Isaiah ya ci gaba, "don ka ba Kaduna fuska. Irin wannan eriya da gefe take ji. Ga shi nan a zanen." Ya kama firam ɗin da hannu, babu safa, ya juya shi har gefensa ya nuna Kaduna. Ya karɓi rediyon mai shayi, wadda kullum tashar Kaduna ke zuwa mata da shuu da ƙwar-ƙwar, ya haɗa mata wayoyin biyu, ya ɗan murɗa, ya kunna.

Murya ta fito tas, kamar mai maganar yana zaune a bencin Isaiah. Ba a taɓa jin tashar haka a garin ba. Mutane suka matso.

"...sai saƙo daga Birnin Gwari," in ji mai gabatarwa. "Injiniya Abarshi, ya ce a faɗa sau uku, Injiniya, Injiniya, Injiniya, yana gaida al'ummar gari da a daidai wannan lokaci suke shan hasken wutar da ya tatso musu daga iska, bolt miliyan biyar. Yana roƙon jama'a su yi haƙuri su bi layi. Yana kuma gaida sabon mai share masa shago, Malam Isaiah, ya ce tsintsiya tana bayan ƙofa."

Ba wanda ya yi dariya nan take, don abin ya wuce dariya. Mai Unguwa ya cire hula ya duba cikinta ya mayar. Bature ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Sannan kasuwa ta kece, har makahon bakin tasha yana tambaya a maimaita masa.

Abarshi ya cire safar hannu. Ba wanda ya ce ya ɗauki fentin, shi ya je ya ɗauka. Ya jawo benci ya hau, ya tsoma buroshi, ya ɗaga hannu gaban harafin farko. A nan hannun ya tsaya. Shekara goma sha huɗu wannan kalma ce ke tashinsa da safe, ita ce ke sa ya ratsa kasuwa da ƙirji a buɗe ko aljihu babu komai. Baƙin ciki ya cika shi, na gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Waɗanda ke kusa suka gani, dariyarsu ta ragu.

"Dakata," in ji Isaiah. Ya juya ga Mai Unguwa. "Ranka ya daɗe, ni na ci, ina da magana. Mutumin nan ya yi lissafi daidai, ya yi naɗi daidai, ga rediyo tana shaida. Ba za a ce babu injiniya a jikinsa ba sam."

"Akwai," in ji Mai Unguwa, bayan ya yi nazari. "Sai dai ba yawa."

"Kamar nawa?" wani ya tambaya daga baya.

Inna Huraira tana ɗora tirenta a ka ta ce, "A raba gida dubu, a ba shi ɗaya."

Haka aka yanke. Ba a shafe komai ba. Isaiah ya kawo jan fenti daga shagonsa, Abarshi da hannunsa ya ƙara haruffa huɗu a gaban sunan, a ɗan wurin da ya rage a gefen allon. Firam ɗin kuwa mai shayi ya roƙa aka bar masa, ya jingina shi a bayan teburinsa, gefe na kallon Kaduna, cinikinsa ya ƙaru saboda masu jin labarai. Bayan wata biyu aka ɗaga layi wuta ta dawo, kowane gida fanka ta juya, ban da ɗakin Sadiya.

Allon yana nan har yau: MILI INJINIYA ABARSHI. Yana amsa sunan, don rabinsa da ya saba ji yana ciki. Kwanaki wani baƙo daga Funtuwa ya kawo gyaran rediyo, ya tsaya yana karanta allon, ya ce, "Injiniya, mene ne Mili?"

Abarshi bai ɗago daga kan notin da yake nema wa gurbi ba.

"Miliyan ne," ya ce. "Fenti ne ya ƙare."